Sharhi Kan Daren Waƙoƙin Yabo da Faifan Garmahon da Ya Biyo Baya

Abubuwa uku ne wannan sharhi ya haɗa, domin ɗaya ne ya jawo ɗaya: taron waƙa na wata ƙungiyar mawaƙan Kirista da ke zagayen gabatar da sababbin waƙoƙinta, da faifan garmahon da ta buga na waɗannan waƙoƙi, da kuma ƙaramar na'urar juya faifai da ya zama dole in saya kafin in iya sauraronsa. Hukuncina tun daga farko shi ne, taron ya cancanci kuɗin tikitinsa duk da kurakuransa, na'urar ta yi aikin da aka saye ta dominsa, faifan kuwa bai mayar da ni cikin zauren ba kamar yadda masu tallar irinsa suke so a gaskata. Amfaninsa yana wani wuri dabam, a yadda yake tilasta wa mutum ya zauna ya bi waƙoƙi bisa jerin da masu su suka tsara.

Mutum bakwai ne a kan dandamali: mai jan waƙa, da 'yan amshi biyu, da mai jita, da mai jitar bes, da mai fiyano, da makaɗin ganguna. A waƙoƙin farko mai kula da sauti ya bar ganguna da bes sun danne komai, har ya zama ana jin bugunsu a ƙirji amma ba a tantance abin da mawaƙin ke faɗi. A wani irin kiɗa wannan ƙaramin aibi ne, domin jama'a rawa suka zo yi. A waƙar yabo kuwa kalma ce jari, kuma wanda bai ji kalmar ba ba zai iya cewa amin a kanta ba. Abin da ya ceci wannan sashe shi ne manyan allunan da ke nuna baitoci layi bayan layi a gefen dandamali. Sai da aka ci kusan sulusin taron kafin sautin ya daidaita, muryar mai jan waƙa ta fito sarari a saman kayan kiɗa.

Akwai kuma abin da duk mai kunne zai lura da shi: ana jin kiɗan goge da tarin muryoyi alhali babu mai goge a dandamali, 'yan amshi kuma ba su wuce biyu ba. Waɗannan suna fitowa ne daga kwamfuta, an ɗauke su tun da farko, makaɗin ganguna kuma yana bin wani ƙaramin bugu da ake aika masa cikin kunne domin kada ya saɓa da su. Ba ha'inci ba ne, haka akasarin manyan tarukan waƙa suke gudana a yau, amma yana da tsadarsa. Waƙar da aka ɗaure da kwamfuta tana da wuyar tsawaitawa ko taƙaitawa bisa yanayin zaure. Ko jama'a sun so a maimaita amshi, sau da yawa dole ta tafi inda aka riga aka shata mata.

Saboda haka ne mafi daɗin lokaci a daren ya zo sa'ad da suka kashe duk wannan. Mai jan waƙa ya ja da baya daga makirufo, fiyano ya yi shiru, aka bar zauren da amshi shi kaɗai. Kusa da ni wani dattijo yana rerawa idonsa a rufe, bai ko dubi allo ba, muryarsa tana ɗan kauce wa karin waƙar, a gabana kuma wata mata tana rerawa ƙasa-ƙasa domin kada ta tashi yaron da ya yi barci a kafaɗarta. Sautin yana zuwa daga gaba da baya da dama da hagu, har da cikin ƙirjin mutum kansa, tunda shi ma yana cikin masu rerawa. Na dakata a kan wannan ne domin shi ne ma'aunin da zan gwada faifan da shi.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba su da yawa. An makara wajen buɗe ƙofa, kuma jawabin neman tallafi da aka yi a tsakiyar taron ya yi tsawon da ya sanyaya jikin jama'a, har sai da ƙungiyar ta sake ɗora tukunya daga farko kafin zauren ya dawo yadda yake.

A teburin da ke bakin ƙofar fita ana sayar da riguna da huluna da faifai. Na tambayi CD, sai matar da ke kula da teburin ta ce, "Ɗan'uwa, ba mu zo da shi ba, yanzu ba a cika tambayarsa ba. Ga na garmaho in kana so." Maganarta ta yi daidai da abin da kasuwa ke nunawa. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta bayyana cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a ƙasar, CD kuwa miliyan 33, kuma wannan ne karo na farko da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki tun 1987. Ga mawaƙa dalilin a fili yake: abin da manhajojin sauraron waƙa a intanet ke biya a kan kowane sauraro ɗan mitsitsi ne, faifai ɗaya da aka sayar hannu da hannu a bakin ƙofa kuwa kuɗi ne da suke gani a daren.

Kundin faifai biyu ne masu faɗin inci 12 a cikin kwali mai buɗewa kamar littafi, an buga baitocin duka a ciki da manyan haruffa, an kuma nuna sura da ayar Littafi Mai Tsarki da kowace waƙa ta samo tushe. An ɗauki waƙoƙin ne a gaban jama'a a wani taro na baya, kamar yadda aka saba da kundayen sujada, don haka kwatanta shi da daren da na halarta ba zalunci ba ne. Dalilin zamansa faifai biyu kuwa tsohon lissafi ne. Tun da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti 22 ne idan ana son sauti ya fita da kyau. A lokacin wannan babban ci gaba ne, domin tsohon faifai mai juyawa sau 78 bai wuce minti uku zuwa biyar a gefe ba. Amma waƙar sujada ta yau takan kai minti bakwai ko takwas saboda maimaita amshi da addu'a a tsakani, saboda haka waƙa uku sun cika gefe, taron sa'a ɗaya da 'yan mintuna kuma sai ya bazu a gefe huɗu. CD, wanda Sony da Philips suka kawo kasuwa a 1982, da ya haɗiye shi duka a faifai guda.

Wanda ya daɗe bai taɓa faifai ba zai so a tuna masa yadda abin ke aiki, domin daga nan ne daɗinsa da aibinsa duka suke fitowa. A kowane gefe tsaga ɗaya ce tak, siririya, tana nannaɗewa daga baki zuwa tsakiya. Tsagar tana da bango biyu, ɗaya yana ɗauke da sautin hagu ɗaya na dama, tsarin da ya shigo kasuwa a 1958. Allura mai kan lu'ulu'u tana bin tsagar tana karkarwa daidai da lanƙwashe-lanƙwashenta, karkarwar tana motsa ɗan maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, daga nan wutar lantarki 'yar ƙanƙanuwa take fita. Lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa da gangan, bisa ƙa'idar da RIAA ta tsayar a 1954, domin tsagar ta yi ƙanƙanta kuma ƙarar shafar allura ta ragu. Wajen sauraro sai wata ƙaramar na'urar ƙara sauti ta juya wannan gyara ta mayar da komai daidai. Wanda ya haɗa garmaho kai tsaye da lasifika ba tare da ita ba zai ji waƙa a shaƙe, siririya, ya ɗauka an sayar masa da lalataccen kaya.

Na'urar da na saya ta masu farawa ce, irin wadda igiyar roba ke juya farantinta, kuma wannan ƙaramar na'urar gyaran sauti tana cikinta, da maɓallin kunna ta ko kashe ta a baya. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne hannun allurarta yana da nauyi a bayansa da ake murzawa a daidaita yadda allura ke danna faifai. Irin wannan allura giram biyu ko kusa da haka take so. Na'urorin nan masu kama da akwatin tafiya, waɗanda ake yawan saya domin kyauta, sukan danna fiye da ninki biyu na wannan, ba sa barin a gyara, kuma lasifikarsu tana cikin akwati ɗaya da allura, tana girgiza abin da ya kamata ya natsu. Ba na ba kowa shawarar ya ɗora faifan da yake ƙauna a kansu. A ɗaya gefen kuma, mai sauraro a gida ba ya bukatar manyan na'urori irin su Technics SL-1200, wadda ta fito a 1972, injinta yana juya faranti kai tsaye, masu haɗa kiɗa a wuraren rawa suka mayar da ita abokiyar sana'a.

Aibin tawa biyu ne. Takardar bayaninta ta yi rowar magana a daidai inda sabon shiga ya fi bukatar taimako, wato daidaita nauyin hannu, sai da na nemi ɗan ma'aunin allura dabam kafin hankalina ya kwanta. Na biyu, ba ta tsayawa da kanta. Idan gefe ya ƙare allura za ta ci gaba da zagaya tsagar ƙarshe tana ƙas, ƙas, har sai an taso an ɗaga ta, alhali kan allura sa'o'insa ƙidayayyu ne, 'yan ɗaruruwa zuwa kimanin dubu, kafin ya nemi canji. Ban da wannan, gudunta daidai yake, kuma ba ta da gurnani matuƙar an ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi da bai karkata ba, nesa da lasifika.

Sai sautin faifan kansa. A farkon kowane gefe, musamman inda fiyano da murya ɗaya suke tafiya tare, sautin yana da daɗi ƙwarai, da taushi da sarari, ana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗaga baiti. Da na kwatanta da waƙoƙin a manhajar waya, na ga na faifai sun fi barin tazara tsakanin wurin da aka yi ƙasa da murya da wurin da aka ɗaga ta. Sai dai wannan ba baiwar robar faifai ba ce. Akasarin sababbin faifai daga fayil ɗin kwamfuta ake yanka su, kuma in ana maganar awo, CD yana iya ɗaukar tazarar desibel 96 (ma'aunin ƙarfin sauti) tsakanin shiru da ƙara, garmaho kuwa da kyar yake wuce 70. Bambancin ya zo ne daga hannun mai haɗa sauti, wanda yakan matse waƙar da za a saka a intanet domin ta yi ƙara a ƙananan lasifikoki, ya sassauta wa ta faifai saboda allura ba ta jure matsi irin wannan.

Inda faifan ya gaza shi ne daidai inda taron ya fi ƙarfi. Bugun da ake ji a ƙirji babu shi, domin masu yanka faifai suna tattara kaurin sauti a tsakiya su rage shi, in ba haka ba zai cinye fili ya kuma iya cilla allura waje. Amshin jama'a, wanda a zaure ya kewaye mutum, a nan ya koma wani ɗan gungu a tsakanin lasifika biyu, ana jinsa daga nesa. A wurin addu'ar da aka yi cikin natsuwa a gefe na uku, ƙas-ƙas ɗin ƙura da wutar da roba ke tarawa sun fi fitowa, tunda babu kiɗan da zai rufe su.

Babban kuskuren kuwa na masu tsara kundin ne. Faifai yana juyawa da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, amma da'irar tana ƙanƙancewa, don haka tsagar da ke wucewa ƙarƙashin allura da gudun kimanin santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, tana raguwa zuwa kusan 20 a kusa da tsakiya. Ma'ana, sauti iri ɗaya dole ya matsu a ƙasa da rabin fili. Tsofaffin masu wannan sana'a sun san haka, shi ya sa sukan ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen gefe. Wannan ƙungiya ta bi jerin taron yadda yake, sai waƙoƙi mafi ƙarfi, masu cike da kuge da tarin muryoyi, suka faɗo a ƙarshen gefe na biyu da na huɗu. A nan harafin "s" yana yagewa, muryoyi suna cakuɗewa, kuma daidaita allura yana rage matsalar ne kawai, ba ya kawar da ita. Haka kuma an yanke gefe na farko a tsakiyar tafi, inda a taron waƙa ɗaya ta zarce cikin ɗaya ba tare da tsayawa ba.

Duk da wannan lissafi, faifan ne na fi komawa gare shi, ba wayar ba, kuma dalilin bai shafi ingancin sauti ba. A waya, waƙa tana zaune wuri ɗaya da saƙonni da labarai, yatsa kuma yana kan allon. Baitin farko bai gamsar ba, an wuce. A garmaho tsallake waƙa aiki ne: sai an tashi, a ɗaga hannun allura, a duba siririn zoben da ke raba waƙa da waƙa, a sauke a hankali. Ƙyuya kaɗai ta isa ta sa mutum ya haƙura ya saurara. Ga waƙoƙin ibada wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jerinsu yana da ma'ana, kamar yadda tsarin sujada yake farawa da kira zuwa yabo, ya bi ta tuba da roƙo, ya ƙare da godiya. Akwai wata waƙar makoki a kundin da aka gina kan Zabura 13, zaburar da ta fara da tambayar har yaushe ta ƙare da dogara, wadda a waya kullum nake tsallake ta saboda jan jikinta. Da faifai ya sa na zauna da ita, kwalin a buɗe a cinyata ina bin baitoci, sai na fahimci cewa waƙar godiyar da ke biye da ita amsa ce gare ta, kuma wanda ya ji ta biyun ba tare da ta farkon ba rabin magana ya ji. A zaure ma abin da ya faru ke nan: babu wanda ke da ikon tsallakewa, kowa ya bi ta cikin makokin kafin ya isa ga murnar.

Samun na'ura a gida ya sa na sauko da tsofaffin faifan iyaye da suka daɗe a akwati, galibinsu na ƙungiyoyin mawaƙan coci na shekarun 1970. Waƙar addini tsohuwar baƙuwa ce a kan faifai. Mawaƙan Jami'ar Fisk da ke Nashville a Amurka sun ɗauki waƙoƙin ruhaniya a kamfanin Victor tun 1909. Waɗanda na samu sun sha ƙura, amma da na wanke su da tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi ina bin zagayen tsaga, na bar su suka bushe a tsaye, da yawansu sun fito da sautin da ya ba ni mamaki. An ɗauke su da makirufo kaɗan a cikin majami'a, ana jin amsa-kuwwar ginin har da tarin wani a baya, kuma ta fuskar sa mutum ya ji yana cikin taro sun fi sabon kundin kusa da gaskiya, watakila domin babu bes da kuge da za su wahalar da allura. Gargaɗi ɗaya ga mai tono irin wannan akwati: idan ya ci karo da faifai mai nauyi da tauri mai juyawa sau 78, da wani irin ƙaro aka yi shi, ba roba ba, sinadarin wanki mai barasa yana narkar da shi, kuma allura mai faɗin kai yake bukata.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun garmaho shi ne buroshi kafin kowane sauraro, da riƙe faifai ta gefe kada yatsa ya taɓa tsaga, da jera su a tsaye nesa da rana da zafi domin kada su lanƙwashe, da tashi duk bayan minti ashirin a juya. Wanda yake son waƙa ta raka shi aiki ko tuƙi, wannan ba nasa ba ne, wanda kuma yake neman sauti mafi tsabta ya nemi CD ko fayil mai inganci. Kada kuma tambarin "giram 180" da ke jikin kwali ya ruɗi kowa: nauyin roba yana sa faifai ya zauna daram a faranti, amma zurfin tsaga da ingancinta tun wurin yanka aka gama da su. Nawa ma mai giram 180 ne, amma faifai na biyu ya zo da ɗan lanƙwasa da ake gani idan hannun allura yana hawa da sauka, ko da yake bai kai ga tsallake ba.

Idan ƙungiyar za ta sake buga kundin, abubuwa uku zan roƙa. A sake raba waƙoƙin yadda masu ƙarfi za su faɗo a farkon gefe, ko da zai sa a ɗan saɓa wa jerin taron a wuri ɗaya ko biyu, muddin makokin nan da godiyar da ke biye da shi sun zauna tare. A canza rigar ciki, domin ta zallar takarda da suka saka tana zubar da ɓurɓushi cikin tsaga tun kafin a buɗe, alhali mai rufin leda a ciki ba ta da wannan matsala. Sannan a haɗa da katin sauke waƙoƙin a waya, kamar yadda wasu mawaƙa ke yi, domin wanda ya saya a bakin ƙofa bai da na'ura a gida ya sami abin sauraro kafin ya tanadi tasa.